Kwaikwayon Tafiyar Duniyoyi da Yadda Za a Kyautata Shi

Ya ku ɗalibai, idan kun taɓa bin hanyar Abuja zuwa Kaduna kuka ratsa ta garin Jere, ko kuka zaga cikin Kafanchan, babu shakka kun ga farantan karɓar hoton talabijin a kan rufin gidaje da shaguna. Ku lura da su da kyau. Tun ranar da mai gyara ya hau ya ɗaure faranti ya saita shi, ba a sake juya shi. Rana takan fito daga gabas ta faɗi yamma, haka wata, haka taurari. Amma abin da farantin nan yake kallo yana nan wuri ɗaya, dare da rana, damina da rani. Me yake kallo? Me ya riƙe abin a sama? Ruwan Matsirga, can kusa da Kafanchan, yana zubowa ƙasa ba dare ba rana. Mangwaro in ya nuna sai ya faɗo. To, me ya hana wata faɗowa?

Masana kimiyya suna da amsa, kuma amsa guda ce ga tambayoyin nan duka. Sai dai amsar tana da wuyar shiga kunne. Shi ya sa malamai suke neman hanyar nuna ta ga ido, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji. Amma ido ma ana ruɗinsa. Kuskuren da ɗalibi ya karanta a littafi yana iya mantawa da shi, wanda ya gani da idonsa kuwa yakan rantse a kansa har tsufa. Saboda haka wannan darasi zai duba kayan da ake nuna tafiyar duniyoyi da su, inda suke yin daidai, inda suke ɓatar da mai kallo, da abin da za a yi a gyara su.

Kalmomi uku kafin mu shiga

Ta farko ita ce kwaikwayo. Kun san wasan kwaikwayo, inda wani yakan fito a matsayin sarki alhali shi ba sarki ba ne. A kimiyya ma haka ne: ana shirya ƙaramin abu, a kan tebur ko a cikin kwamfuta, ya riƙa yin irin abin da babban abu yake yi. Kalma ta biyu ita ce falaki, wato hanyar da wata duniya ko tauraro yake bi yana kewaya wani. Ta uku ita ce sunan ƙarfin da yake jawo mangwaro ƙasa. A rediyo za ku ji ana cewa maganaɗisun ƙasa. Sunan ya karɓu, amma yana da aibi. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, ba ruwansa da doya ko akuya ko ruwan rafi. Wannan ƙarfin kuwa ba ya zaɓe, kome yake ja. A nan za mu kira shi ƙarfin jawo.

Jifa daga kan duwatsun Kagoro

Isaac Newton, masani ɗan ƙasar Ingila, shi ne ya bayyana dokar wannan ƙarfi a littafin da ya fitar a shekarar 1687. Ya kuma bar mana misali mai sauƙi, wanda za mu ɗauko mu kawo gida.

Ku ɗauka kun hau ƙololuwar duwatsun Kagoro kuna riƙe da tsakuwa. Ku ɗauka kuma babu iskar da za ta rage mata gudu, babu wani tudu a gabanku. Kuka jefa ta gaba, ba sama ba. Za ta yi 'yar tafiya ta faɗi. Kuka ƙara ƙarfi, za ta faɗi nesa da wurin farko. Ko yaya ƙarfin jifan yake, a cikin sakan ɗaya na farko tsakuwar za ta yi ƙasa da kimanin mita 5. Amma duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, a dunƙule take, kuma a kowane kilomita 8 bayanta yana lanƙwashewa ƙasa da kimanin mita 5 shi ma. To, me zai faru idan tsakuwar tana gudun kilomita 8 a sakan ɗaya? Tana sauka da mita 5, ƙasa na kauce mata da mita 5. Tana faɗuwa, amma ba ta isa ƙasa. Haka za ta yi ta yi har ta zagaye duniya, ta dawo ta bayan ƙeyarku kafin a cika awa ɗaya da rabi.

Wannan shi ne falaki: faɗuwar da ba ta ƙarewa. Wata ma faɗuwa yake yi, gudunsa ne yake sa yana kuskure duniya kullum. Domin ku ji girman gudun nan, layin dogo daga Abuja zuwa Kaduna, wanda ya bi ta Jere, tsawonsa kimanin kilomita 186 ne. Tsakuwar tamu za ta cinye shi cikin ƙasa da sakan 25.

Wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gona da majajjawa ya riga ya san rabin zancen. Igiya ce take jan dutse zuwa hannu, gudu kuma yana hana shi zuwa, sai ya yi ta kewaya. Da zarar an saki igiya, dutsen ba ya ci gaba da zagaye, miƙewa yake yi sak. Bambancin kawai shi ne ƙarfin jawo yana raguwa da nisa, kuma raguwar tana da ƙa'ida. Idan nisa ya ninka sau 2, ƙarfin zai koma kashi ɗaya cikin 4. Idan ya ninka sau 3, zai koma kashi ɗaya cikin 9. Wata ya fi mu nisa daga tsakiyar duniya sau 60, don haka jan da duniya take yi a can ya gaza na nan sau 3,600.

Yadi, baho da boris

Kwaikwayo mafi araha ba ya bukatar wutar lantarki. A samo babban baho, a rufe bakinsa da yadi mai talewa, a ɗaure tamau. A ajiye dutse mai nauyi a tsakiya, yadin zai lotsa. Sai a ɗauko boris ɗin keke a gangaro shi daga gefe. Zai kewaya dutsen, yana ƙara sauri idan ya matso, yana rage sauri idan ya yi nisa. Ajin da ya taɓa yin wannan wasa ba ya mantawa da shi.

Amma ku zuba ido. Bayan zagaye kaɗan boris ɗin yakan gaji, ya yi ta matsowa har ya kwanta jikin dutsen. Ɗalibi mai hankali zai ce, ashe duniya ma wata rana za ta faɗa cikin rana ke nan? A'a. Gogayya da yadi ce ta cinye gudun boris, sararin samaniya kuwa babu yadi a cikinsa. Ana iya rage wannan aibi da yadi mai santsi, da baki mai faɗi irin na tsohuwar tayar babbar mota, da boris mai nauyi. Ba za a iya kawar da shi gaba ɗaya ba. Akwai kuma aibi na biyu wanda ba shi da magani: abin da yake gangaro da boris cikin lotsawar shi ne jan duniyar da muke tsaye a kanta. Wato mun ari ƙarfin jawo domin mu bayyana ƙarfin jawo. Gyaran da ya dace a nan a bakin malami yake, ya faɗa wa aji gaskiya cewa misali ne kawai.

Kwaikwayo a cikin kwamfuta

Kwamfuta ba ta da gogayya, sai in an saka mata. Shi ya sa manhajar kwaikwayo ta fi yadi kusa da gaskiya. Shahararriya a cikinsu ita ce ta shirin PhET na Jami'ar Colorado a Amurka, wanda Carl Wieman, masanin da ya sami kyautar Nobel a 2001, ya kafa a 2002. Kyauta ake samunta, kuma ana iya sauke ta a yi aiki da ita ba tare da intanet ba. A cikinta akwai rana da duniya da wata da tashar sararin samaniya. Mutum yana iya ƙara wa rana nauyi ko ya rage, ya ja duniya zuwa wani wuri, ya ga kibiyoyin da suke nuna ja da gudu, har ma ya kashe ƙarfin jawo gaba ɗaya ya ga duniya ta miƙe kamar dutsen majajjawa.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai wasu da yawa, masu kyau da marasa kyau, kuma ɗaliban sakandare da suka koyi Scratch ko Python suna iya rubuta tasu. Abubuwan da za mu faɗa nan gaba ma'auni ne da za ku gwada kowace manhaja da shi, ko taku ko ta wani.

Girma da nisa

Kusan kowane hoton rana da duniya da wata da kuka taɓa gani ƙarya yake yi game da nisa. Ba da mugun nufi ba, takarda ce ba ta isa ba. Bari mu auna. Faɗin duniya kilomita 12,742 ne. Idan muka mai da ita ƙwallon ƙafa, wata zai zama kamar ƙaramin lemo, kuma za a ajiye shi mita 6 da rabi daga ƙwallon, domin nisansa na gaskiya kilomita 384,400 ne, wato duniya 30 a jere. Rana kuwa za ta zama dunƙule mai faɗin mita 24, kamar bene mai hawa bakwai ko takwas, a nisan da ya wuce kilomita 2 da rabi.

Ina tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda 'yan sama jannati suke zaune a ciki? Tana kimanin kilomita 400 sama da mu. A kan ƙwallon namu, ba ta kai kaurin ɗan yatsa daga fatarsa ba. A wannan ɗan nisa ƙarfin jawo bai ragu da fiye da kashi ɗaya cikin 10 ba sai da kaɗan. Saboda haka masu cewa 'yan sama jannati suna shawagi domin babu ƙarfin jawo a can sun yi kuskure. Suna shawagi ne domin su da ɗakinsu suna faɗuwa tare, irin faɗuwar tsakuwar Kagoro.

Manhaja mai kyau ta kamata ta ba da hoto biyu: ɗaya mai kumbura duniyoyi domin a gan su, ɗaya kuma na ainihin ma'auni, ta rubuta a fili wanne ne wanne. Manhajar PhET ta yi haka. Amma a ganina fili ya fi allon kwamfuta a nan. Ku ɗauki ƙwallo da lemo ku fita filin makaranta, ku auna mita 6 da rabi da kanku.

Kuskuren taku

Yanzu mun zo inda gizo yake saƙa, wato aibin da yake ɓoye a cikin lissafi. Duniya tana tafiya ba tare da tsayawa ba, amma kwamfuta ba ta iya haka. Taku-taku take yi. Takan tambayi kanta: ina duniya take yanzu, ina ta dosa, da wane gudu? Sai ta matsar da ita gaba a miƙe, tafiyar kwana ɗaya misali. Bayan haka ta ɗan karkata ta da jan ranar da ta lissafa a wurin da ta baro. Sai ta sake wani takun. Wannan hanya tana ɗauke da sunan Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan da ya rayu daga 1707 zuwa 1783, kuma ita ce duk sabon mai rubuta manhaja yake fara kamawa, domin ta fi sauƙi.

Ku gwada ta da ƙafarku. Ku zana babbar da'ira a ƙasa, ku tsaya a kan layin, ku fuskanci inda layin ya dosa a daidai wurin da kuke. Ku yi taku ɗaya a miƙe. Ina ƙafarku ta sauka? A wajen da'irar, ko da kaɗan ne. Ku juya ku sake wani takun, za ku ƙara fita. Haka yake faruwa a cikin kwamfuta. Kowane taku yana barin ɗan kuskure, kuma dukan kurakuran gefe ɗaya suke, waje. A shekarar farko ba za a lura ba. Bayan shekaru da yawa na kwaikwayo sai a ga duniya tana ta nisantar rana, kamar an kwance akuya daga turke. Ɗalibin da bai san dalili ba zai ɗauka haka lamarin yake a sama.

Magani na farko shi ne a gajarta takun, daga kwana ɗaya zuwa awa ɗaya. Kuskuren zai ragu, amma aiki zai ƙaru wa na'ura sau 24, tsohuwar waya kuwa sai ta yi zafi ta riƙa sanyin jiki. Magani na biyu ya fi ban mamaki, domin ba ya cin kome. A sauya jerin aikin kawai: a fara lissafa jan rana a gyara gudu, sannan a matsar da duniya da sabon gudun. Layi biyu ne za a musanya wa wuri. Da wannan, kuskuren ba ya taruwa a gefe ɗaya. Falakin zai ɗan yi rawa, amma zai zauna. Akwai hanyar da ta fi wannan ma, wadda ake danganta wa Loup Verlet, masani ɗan Faransa da ya yi aiki da ita a 1967, ita ma ba ta fi 'yan layuka ba.

Wani wurin da lissafi yake zamewa shi ne idan abubuwa biyu suka matso dab da juna. Tunda ja yana ƙaruwa yayin da nisa yake raguwa, sai kwamfuta ta sami lamba mai girman gaske a taku ɗaya, ta wurga abin can bayan allo. Gyaransa shi ne a riƙa gajarta taku idan an matso kusa, kuma a koya wa manhajar cewa duniya tana da jiki: abin da ya taɓa ta ya yi karo ke nan.

Ta yaya za ku san manhaja ta ci jarrabawa? Ku tambaye ta abin da kuka riga kuka san amsarsa. Duniya ta zagaye rana cikin kwana 365 da rubu'i? Wata ya zagaye duniya cikin kwana 27 da ɗan ɗori? Idan aka bar ta ta yi shekara 100, falakin yana nan yadda yake? Wadda ta faɗi waɗannan tambayoyi ba a yarda da ita a kan abin da ba a sani ba.

Babu wanda aka kafe da ƙusa

Manhajoji da yawa sukan kafe babban abu a tsakiya, ƙaramin kaɗai yake motsi. Gaskiya ita ce ja daga ɓangare biyu yake, kuma daidai yake. Ku tuna babba da yaro sun riƙe hannu suna juyi: yaron yana yin babban zagaye, babban ma yana ɗan juyawa. Duniya ta fi wata nauyi sau 81, saboda haka wurin da su biyun suke kewayawa yana cikin jikin duniya, kimanin kilomita 4,700 daga tsakiyarta. A sake kowa ya yi motsi, a sa ɗigo a wannan wuri.

Hunturu da nisan rana

Falakin duniya ba cikakkiyar da'ira ba ce. Johannes Kepler, Bajamushe, ya nuna a 1609 cewa falaki a ɗan miƙe yake, kuma duniyoyi suna ƙara gudu idan suka matso rana. Masu zane sukan cika gishiri a nan, su zana falakin kamar ƙwai. Daga nan ɗalibai da yawa suka ɗauki wani kuskure, wai zafi yana zuwa ne idan mun matso rana, sanyi kuma idan mun yi nisa.

Ku tambayi jikinku. Duniya ta fi kusa da rana a farkon watan Janairu, kilomita miliyan 147, ta fi nisa a farkon Yuli, kilomita miliyan 152. Yaya Jere take a farkon Janairu? Hunturu ne, leɓe yana tsagewa, mutane suna jin wuta da asuba. Ashe nisa ba shi ne dalili ba. Dalilin shi ne duniya a karkace take da digiri 23 da rabi, don haka wani lokaci arewacinta ne yake fuskantar rana sosai, wani lokaci kudancinta. Karkatar nan ce take sauya wurin da rana take tsayawa a sama, ita kuma take sauya iskoki, har busasshiyar iskar hamada ta sauko mana a ƙarshen shekara. Manhajar da za ta amfane mu ta kamata ta zana falakin yadda yake, kusan da'ira, ta rubuta wata da nisa a gefe, ta kuma nuna karkatar.

A sa ƙasarmu a ciki

Yawancin manhajoji suna kallon duniya ne daga waje. Mu kuwa a ƙasa muke tsaye. Babban gyaran da nake so in gani shi ne maɓallin da zai sauko da mai kallo ya tsayar da shi a Jere ko Kafanchan ko Kachia, ya ɗaga kai sama. A nan ne tambayarmu ta farko za ta sami amsa.

Gwargwadon nisan tauraron ɗan'adam, gwargwadon daɗewar zagayensa. Tashar sararin samaniya tana zagaye duniya cikin kimanin awa ɗaya da rabi. NigeriaSat-2, wanda aka harba daga Rasha ranar 17 ga Agusta, 2011 domin ɗaukar hoton ƙasa, an ajiye shi kimanin kilomita 700 a sama, inda zagaye bai kai minti 100 ba. Wata yana ɗaukar kwana 27. A tsakanin waɗannan akwai wani nisa, kilomita 35,786 sama da layin da ya raba duniya biyu, inda zagaye ɗaya yake ɗaukar awa 23 da minti 56, daidai da juyawar duniya a kan kanta. Tauraron da yake can gudu yake yi, fiye da kilomita 3 a sakan, amma mu ma muna juyawa tare da shi, sai mu gan shi kamar a tsaye. Shi farantin nan yake kallo. A wannan falaki aka ajiye NigComSat-1R, tauraron sadarwa na Nijeriya da aka harba daga ƙasar Sin ranar 19 ga Disamba, 2011, a digiri 42 da rabi gabas. Farantin da aka saita shi gare shi daga Jere zai fuskanci gabas, ya ɗan karkata kudu. Ku ba ɗalibi manhajar da za ta bar shi ya yi ta ɗaga tauraro har ya gano wannan nisa da kansa, ba zai sake bukatar haddace lambar ba.

Daga ƙasa kuma ake ganin tsayuwar wata. Mun ce wata yana zagaye cikin kwana 27 da ɗan ɗori, amma daga jinjirin wata zuwa wani jinjirin kwana 29 da rabi ne, domin kafin ya gama zagayensa duniya ta yi gaba a nata falakin, sai ya ƙara kwana biyu ya cim ma sahun rana. Shi ya sa watannin Musulunci suke kwana 29 ko 30, shekarar take kwana 354 ko 355, azumi yake matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Ranar Ista ma da cikar wata ake lissafa ta, shi ya sa take yawo tsakanin Maris da Afrilu.

Allon kwamfuta shimfiɗaɗɗe ne, kuma wannan yana haifar da nasa kuskuren. Idan rana da duniya da wata duk suna kan faifai ɗaya, to kowane wata sai an yi husufi. Ba a yi, domin falakin wata ya karkace da kimanin digiri 5, inuwarsa takan wuce ta sama ko ta ƙasa. Sai jefi-jefi suke daidaita, kamar ranar 29 ga Maris, 2006, lokacin da rana ta rufe gaba ɗaya a wasu sassan arewa maso yammacin Nijeriya da kudancin Nijar. Ku tambayi iyayenku inda suke a wannan safiya. Manhajar da ba ta bari a juya hoton a kalle shi daga gefe ba za ta iya bayyana musu abin da suka gani ba.

Baƙon Zagami

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a wata gona a Zagami, cikin ƙasar Katsina. Daga baya masana suka sami iska a kulle a cikinsa, irin iskar da kumbon Viking ya auna a duniyar Mars a 1976. Wato daga can ya fito. Wani babban dutse ne ya faɗa wa Mars, ya ɓantaro shi da gudun da ya wuce kilomita 5 a sakan, gudun da ake bukata kafin a kuɓuce wa jan wannan duniya. A tamu duniyar sai an kai kilomita 11.2. Ya yi ta kewaya rana shekaru kusan miliyan uku, duniyoyi suna ɗan jansa nan da can, kafin hanyarsa ta haɗu da tamu.

Manhaja mai abu biyu kacal ba ta iya ba da wannan labari. A bar mai kallo ya ƙara abu na uku da na huɗu, ya yi jifa da kansa, ya ga wanda ya faɗo, da wanda ya shiga falaki, da wanda ya tafi ba dawowa. Zai kuma gano cewa idan abubuwa suka kai uku, ɗan bambanci a wurin farawa yana iya sauya ƙarshen tafiya gaba ɗaya.

Aji mai kwamfuta ɗaya

Duk gyaran nan banza ne idan manhajar ba ta buɗewa a inda ɗalibai suke. Ta zama ƙarama, ta yi aiki a waya mai araha, kada ta nemi intanet kowane lokaci, kuma rubutunta ya yi girman da na bayan aji zai gani. A ba da damar sauya sunayen da suke kan allo zuwa Hausa, har zuwa Gbagyi da Koro da Jju da Tyap da Hyam. Tauraruwar da take haske kusa da jinjirin wata tana da suna a Hausa tun kaka da kakanni, Zara matar wata, kuma ita ma duniya ce mai kewaya rana, ta fi mu kusa da ita.

Gyara na ƙarshe ya shafi mai kallo. Yaro yana iya yin awa ɗaya yana danne-danne, duniyoyi suna karo yana dariya, ya tashi bai ƙaru da kome ba. Manhaja mai kyau ta kamata ta tsayar da shi ta tambaye shi abin da yake tsammani kafin ta nuna masa. Inda manhaja ba ta yi ba, malami ya yi, kuma wannan ya fi dacewa da ajin da ɗalibai da yawa suke kewaye da kwamfuta ɗaya: kowa ya rubuta hasashensa, a ƙirga hannuwa, sannan mutum ɗaya ya danna.

Ku fara da wannan. Ku buɗe littafin rubutunku, ku zana rana da duniya a kan falakinta. Ku rubuta da Hausa, cikin jimla uku ko huɗu, abin da kuke tsammani zai faru idan aka rage gudun duniya da rabi, rana kuma tana nan da nauyinta. Za ta faɗa cikin rana, ko za ta wuce ta gefenta ta dawo? A ina za ta fi sauri? Shekara za ta ƙara tsawo ko za ta gajarta? Ku sa hannu da kwanan wata a ƙarƙashin amsarku, ku kawo ta aji ranar da za a gwada.